A Gwada Manhaja Kafin Ɓarawo Ya Gwada Ta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka manhajar kwamfuta take: kuskure guda wajen rubuta ta ya isa ɓarawo ya kwashe kuɗin jama'a da asirinsu.

A shekarar 1988 Farfesa Barton Miller na Jami'ar Wisconsin, a Amurka, ya sa ɗalibansa su ɗura wa manhajojin UNIX haruffa barkatai marasa ma'ana. Aƙalla rubu'insu suka cije. Duk inda manhaja ta cije, akwai ɓaraka a wurin.

Saboda haka wajibi ne mai rubuta manhaja, a Tumfure ta Gombe yake ko a wani gari, ya ƙayyade iri da tsawon abin da za ta karɓa, ya yi mata wannan gwaji, sa'an nan ya toshe ɓarakar kafin ya miƙa wa jama'a.