Angurya da Kitsen Dabbobinmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwarzo ko Kabo ya san angurya. Manomanmu sun daɗe suna noma auduga, ana kai ta injin gurza a Malumfashi ko Funtuwa, angurya kuma ta komo abincin shanu da tumaki, musamman da rani sa'ad da ciyawa ta ƙone. To, amma me ya sa masanan kiwo suke gargaɗi kada a yawaita ba kaji masu ƙwai angurya? Amsar tana cikin man da ke cikin ƙwayar.

Bari mu fara da jikin dabba. Kitse iri biyu ne, akwai mai daskarewa, akwai mai ruwa-ruwa. Sinadarin sitiyarik, wanda ya yi yawa a kitsen sa, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 69. Shi kuwa oleyik, wanda ya yi yawa a man gyaɗa, yana narkewa tun a wajen digiri 13. A cikin hanta akwai wani ma'aikaci, wato enzayim, da za mu kira mai tausasa kitse. Aikinsa shi ne ya cire ƙwayoyin haidurojin biyu daga sitiyarik, ya mai da shi oleyik. Ta haka jiki yake daidaita taurin kitsensa.

Man angurya yana ɗauke da waɗansu sinadarai biyu, sitakulik da malbalik. Ba su da yawa, duka-duka ba su cika wuce kashi 1 cikin 100 na man ba, amma ƙirarsu dabam ce. A tsakiyar jikinsu, daidai inda mai tausasa kitse yake kamawa, ƙwayoyin kabon uku sun haɗu kamar duwatsun murhu. Enzayim ɗin yakan kama su, sai ya kasa aiki, kamar kwaɗon da makulli ya karye a ciki. Daga nan sitiyarik ya taru, oleyik ya ragu, kitse ya yi tauri.

A kaza abin yakan fito fili a cikin ƙwai. Fatar da ta raba gwaiduwa da farin ƙwai takan yi rauni, sinadarin ƙarfe ya tsallaka daga gwaiduwa, farin ya koma ruwan hoda bayan an ajiye ƙwan kwanaki. Gwaiduwar kuma takan yi danƙo in ta sha sanyi, ƙyanƙyasa ma takan ragu. Wani sinadari dabam na angurya, gosifol, shi ke sa gwaiduwa ta yi duhu. Mai kaji ya yi hasara ke nan, gama ba mai sayen irin wannan ƙwai sau biyu.

Shanu da tumaki sun fi jimrewa, domin ƙananan halittun da ke cikin tumbinsu suna lalata wani kashi na sinadaran. Duk da haka man shanun saniyar da ta ci angurya da yawa yakan fi tauri.

Ilmin nan ba sabo ba ne. A 1897 wani Bafaranshe mai suna Halphen ya gano gwajin da ke sa man angurya ya yi ja, a 1952 kuma Nunn ya bayyana ƙirar sitakulik daga 'ya'yan wani itace ɗan'uwan kukukinmu. Ana samun sinadaran nan a man 'ya'yan kuka da na rimi. Man angurya da aka tace sosai a masana'anta kuwa, zafi ya riga ya lalata yawancinsu.

Saboda haka, in mun koma gida hutu, mu taimaki iyayenmu da wannan sani. Mu ba manyan shanu da raguna angurya daidai gwargwado, tare da harawa da dusa. Kada mu ba maruƙa da 'yan raguna waɗanda tumbinsu bai ƙosa ba, gama gosifol yana iya kashe su. Kaji masu ƙwai kuwa, mu nema musu ƙuliƙuli ko waken soya da aka soya.