BABI NA TARA: SHIRIN KO-TA-KWANA A GIDAJEN KULA DA TSOFAFFI

9.1 Gabatarwa

Gidan kula da tsofaffi wuri ne da ake ajiye mutanen da tsufa ko doguwar jinya suka hana su ɗawainiyar kansu, ana ciyar da su, ana ba su magani dare da rana. A al'adar Bahaushe 'ya'ya da jikoki ne ke riƙe tsoho a gida, amma a ƙasashe irin su Amurka ɗimbin tsofaffi a irin waɗannan gidaje suke ƙare rayuwarsu. Wannan babi zai duba yadda bala'i ke rutsawa da su, da irin tanadin da ya wajaba a yi tun kafin ya auku.

9.2 Raunin Mazauna Gidajen

Bala'i ba ya taɓa jama'a daidai wa daida. Mai ƙarfi yana jin gargaɗi ya ruga, amma da yawa daga cikin mazauna waɗannan gidaje a kan keken guragu suke, wasu kuma ba sa tashi daga gado. Akwai masu cutar mantuwa, waɗanda ba za su fahimci umarni ba, akwai kuma waɗanda numfashinsu ya dogara ga na'ura mai aiki da lantarki. Bugu da ƙari, jikin tsoho ba ya jure zafi da ƙishirwa kamar na yaro.

9.3 Gaba Kura, Baya Siyaki

Babbar shawarar da ke gaban shugaban gida ita ce: a kwashe mutane ko a zauna? Abubuwa uku da suka faru a Amurka sun nuna cewa kowanne da nasa hatsarin.

A ranar 29 ga Agusta, 2005, guguwar Katrina ta afka wa jihar Luwiziyana. Masu gidan St. Rita, kusa da birnin New Orleans, sun zaɓi zama, domin suna ganin wahalar tafiya za ta iya halaka marasa ƙarfi. Ruwa ya cika ginin, wanda ba bene ba ne, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, mutum 35 suka rasu. An gurfanar da masu gidan, kotu ta wanke su a 2007.

Ba a cika wata guda ba sai guguwar Rita ta doshi jihar Teksas. A wannan karon wani gida da ke yankin Houston ya kwashe mazaunansa a motar safa. Ranar 23 ga Satumba, kusa da Dallas, wuta ta tashi daga ƙafar motar saboda rashin man shafawa, tukwanen iskar numfashi na marasa lafiya suka riƙa fashewa, mutum 23 suka riga mu gidan gaskiya.

A watan Satumba na 2017 kuwa, guguwar Irma ta lalata taransifomar da ke ba na'urar sanyaya ɗakuna wuta a wani gida a garin Hollywood na jihar Fulorida. Ginin bai rushe ba, ruwa bai ci shi ba, amma bayan kwana uku zafi ya fara kisa. Mutum 12 aka tabbatar zafi ne ajalinsu, alhali akwai babban asibiti a tsallaken titi.

Ke nan, zama bai kuɓutar ba, tafiya ma ba ta kuɓutar ba. Abin da ke raba tsira da halaka shi ne shirin da aka yi wa kowanne daga cikinsu.

9.4 Ginshiƙan Shiri

A 2016 gwamnatin tarayyar Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora wa gidajen da ke karɓar kuɗin inshorar lafiya na gwamnati abubuwa huɗu:

(a) Tantance hatsari: kowane gida ya san abin da ya fi yi masa barazana, ambaliya ce, gobara ce ko annoba, ya rubuta tsari a kai.

(b) Tsarin aiki: tanadin abinci da ruwa da magani da wutar ko-ta-kwana idan za a zauna, motoci da masauki da takardun jinya idan za a tafi.

(c) Sadarwa: hanyar tuntuɓar ma'aikata da likitoci da dangi da hukuma ko da waya ta katse.

(d) Horo da atisaye: a gwada tsarin a aikace sau biyu a shekara, domin tsarin da ke kwance a takarda ba ya ɗaukar tsoho daga gado.

Bayan Irma, jihar Fulorida ta ƙara da dokar 2018, wadda ta wajabta tanadin wuta, kamar janareta, da za ta hana zafin ɗaki wuce kimanin digiri 27 a ma'aunin Salshiyos har tsawon awa 96.

9.5 Kammalawa

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya shiga gari cikin dare, ta nuna cewa wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. Malamin da aka damƙa wa makarantar kwana ko ta masu buƙata ta musamman yana riƙe da amana irin ta shugaban gidan tsofaffi. Wajibi ne ya san, tun ana zaune lafiya, wa zai ɗauki wa, ta wace ƙofa, kuma zuwa ina.

9.6 Auna Fahimta

1. Kawo dalilai uku da suka sa bala'i ya fi yi wa mazauna gidajen tsofaffi illa.

2. Kwatanta abin da ya faru a gidan St. Rita da na motar da ta ƙone a Teksas.

3. Bayyana ma'anar "gaba kura, baya siyaki", sannan ka kawo wata karin magana mai kama da ita.

4. Tsara shirin ko-ta-kwana na shafi ɗaya domin wata makarantar kwana da ka sani.