Balaga: Ranar da Alƙalami Ya Fara Rubutu

 

A bana ajinmu ya kai babin balaga. Alamomin da malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka lissafa su ne mafarki, tsirowar gashin mara, haila ko ciki ga mace, ko kuma cika shekara 18 ga wanda bai ga komai ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce 15. Wasu malamanmu sun ƙara da kaurin murya da warin hammata. Likitoci kuwa sun ce canjin yakan soma tsakanin shekara 8 zuwa 13 ga 'yan mata, 9 zuwa 14 ga maza. Don haka in ɗan ajinku ya riga ka tsawo, ba ciwo gare ka ba, kowa da lokacinsa.

Haddace wannan ba wuya. Wuyar tana gida. Yawancinmu nan Bracodi gidan haya muke, ɗakuna da yawa, banɗaki ɗaya, ana layi tun kafin asuba. Yaro ya tashi ya ga ya yi mafarki, ga Baba na kiran salla, ga matan gida tsaye da bokitai. To ya zai yi? Da yawa sai su yi alwala kawai su shiga sahu, wai kar a gane. Wannan sallar ba ta yi ba, bashi ce a wuya sai an rama bayan wanka. Kuma wallahi a zafin Abijan ba mai tambayar don me ka yi wanka da asuba.

'Yan mata nasu ya fi nauyi. Wata ta ga jini ta ɓoye wa Inna, ta ci gaba da salla da azumi cikin tsoro. Hukuncin kuwa sassauƙa ne: mai haila tana ajiye duka biyun, ta rama azumi, ba ta rama salla. Mai farawa iyakarta kwana 15, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla, a kuma kai ta asibiti. Jiri da kasala na iya zama ƙarancin jini, sai a kula da kifi, wake da ganye, ba garba kullum ba.

Sai halin. Saurin fushi, kunya ba dalili, barcin safe, fifita maganar abokai a kan ta iyaye. Masana sun ce sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa mai tallan tramadol, wanda ake kira Kadhafi, yake neman sa'anninmu a tasha, ba dattawa ba. Iyayenmu, duka da zagi sukan tura yaro wajensa ne.

Kuma ganin haila ba shi ne isa aure ba. Dokar Kodebuwa ta 2019 ta sa shekara 18 ga mace da namiji, karatu kuma tilas ne daga shekara 6 zuwa 16. Roƙonmu ga iyaye mata da yayye, a koya wa yarinya wankan tsarki tun tana shekara 9, kafin ta gani. Maza kuma Baba ko Kawu ya kira su gefe, ba a gaban ƙanne ba.