Darasi: Wa Zai Binne Matattunmu?

Karatu: Farawa 23, Yohanna 19:38-42

'Yan'uwa cikin Almasihu, a nan Tudun Wada maƙwabtanmu Musulmi sukan yi wa mamaci wanka da sutura, su kai shi makwancinsa yawanci ranar da ya rasu. Amma a waɗansu wurare jana'iza ta zama sana'a. Bari mu duba asalin wannan.

A Amurka aikin ya bunƙasa lokacin yaƙin basasa, 1861 zuwa 1865, sa'ad da aka riƙa sa wa gawawwakin sojoji magani domin a kai su gida ba su ruɓe ba. Haka aka yi wa gawar Shugaba Lincoln a 1865, jirgin ƙasa ya ɗauke ta daga Washington har Springfield.

A Ikko kuwa, wani kafinta mai suna Theophilus Okusanya ya kafa kamfanin MIC a 1946, yana yin akwatunan gawa. Ɗansa Tunji ya gāje shi, ya faɗaɗa aikin ƙwarai. Ran 3 ga Oktoba 2013 Tunji da ɗansa suna cikin jirgin sama mai ɗauke da gawar Olusegun Agagu, tsohon gwamnan Ondo. Da tashin jirgin sai ya faɗi, su biyu suka rasu. Mai binne mutane, shi ma wata rana a binne shi.

Biyan kuɗi domin binnewa ba zunubi ba ne. Ibrahim ya biya shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela domin Saratu. Amma ku lura da Yusufu na Arimatiya da Nikodimu. Manyan mutane ne, duk da haka da hannunsu suka naɗe jikin Ubangijinmu, suka sa shi a kabari a ranar nan.

Na ga gidan da aka ajiye gawa wata biyu a asibiti ana tara kuɗin akwati da abinci. Gwauruwar ta sayar da gona, yara suka bar makaranta. Kamfani zai iya sayar mana da akwati, amma ta'aziyya da riƙon marayu aikin ikkilisiya ne.

Tambayoyi:
1. Su wane ne suke haƙa kabari a ikkilisiyarku?
2. Bayan baƙi sun watse, wa yake komawa gidan gwauruwa?

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.