YADDA ZA KA FARA GININ ƘASA DA HANNUNKA

Kowane manomi yana bukatar rumbu, da akurkin kaji, da ɗakin awaki. Siminti da bulo kuɗi ne mai yawa, amma ƙasa tana nan kyauta. Akwai ginin da ba a buga masa tubali: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a riƙa ɗorawa curi-curi har bango ya tashi. Ba mu kaɗai muke yin sa ba. A yankin Debon na ƙasar Ingila akwai gidaje irin wannan da suka shekara ɗaruruwa, mutane na zaune ciki.

In ba ka taɓa gini ba, kada ka fara da ɗakin kwana. Fara da akurki ko gajeriyar katanga, hannunka ya saba tukuna.

ZAƁEN ƘASA

Kada ka ɗebi baƙar ƙasar sama wadda ake shuka a cikinta. Kankare ta gefe, ka haƙa ta ƙarƙashi. Ana son ƙasa mai yashi da ɗan tsakuwa, da yumɓu kamar kashi 1 cikin 5. Yumɓu shi ne danƙo. In ya yi yawa bango ya tsattsage, in ya gaza bango ya ruguje.

Ga yadda za ka gwada. Kwaɓa ƙasar, ka mulmula curi kamar lemo, ka shanya a inuwa kwana 2 ko 3.

1. In ya tsage, yumɓu ya yi yawa. Ƙara yashi.
2. In ya marmashe da ka matsa, yashi ya yi yawa. Ƙara yumɓu.
3. In ya bushe da tauri ba tsaga, ka sami ƙasar gini.

KWAƁI

Farfasa ƙasar, ka zuba ruwa, ka bar ta ta kwana. Washegari ka watsa busasshiyar ciyawa ko karan shinkafa da aka daddatsa, ka tattake da ƙafa, kana juyawa da fartanya. Ciyawar ita ke riƙe ginin. Kada ka sa ɗanya, ruɓewa za ta yi. Kwaɓin ya yi tauri yadda curi zai zauna bai baje ba.

HARSASHI

Zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Cire kututture da saiwoyi domin gara. Haƙa har ka tarar da ƙasa mai ƙarfi, ka jera duwatsu su ɗaga sama da ƙasa kamar ƙafa 1. Yawancin bangon da ke faɗuwa da damina daga gindi ruwa ya ci shi.

ƊORA BANGO

1. Katanga ko ɗaki, faɗin gindi ya kai inci 18, yana raguwa zuwa sama. Akurki ba ya bukatar haka.
2. Maka curi a kan curi, ka danna da hannu su haɗe su zama abu guda.
3. Kada ka ɗora fiye da ƙafa 1 a rana. In ka yi gaggawa cikin bangon zai kumbura.
4. Bar saman da kaushi. Kafin ka ci gaba, yayyafa masa ruwa domin sabo ya kama tsoho.
5. Sassaƙe tudun jikin bango da adda tun yana da laima.

Lokacin wannan aiki rani ne, bayan an gama kaka. In hunturu ya tsananta, rufe sabon gini da zana ko buhu, kada ya bushe farat ɗaya ya tsage.

JINKA DA YAƁE

Bakin jinka ya zarce bango da kamar ƙafa 2. Sai bango ya bushe sarai sannan a yi yaɓe. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana taimaka wa yaɓe ya jure ruwa. Kada ka shafe bangon ƙasa da siminti: laima takan maƙale a bayansa, ya ɓamɓare, ƙasar ta jiƙe ba ka sani ba.

A TUNA

Kada a yi wa ramin ɗibar ƙasa kogo, yana ruftawa da mutum. Kada kuma a bar shi kusa da gida ya zama kududdufi, saboda yara da sauro. Gyara yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko.

Kafin ka aza azara ko ka tayar da babban rumbu, kira tsohon magini ya duba. Domin ƙarin bayani, nemi malamin gona na yankinku.