Kifin Tafkinmu Ma Yana Yin Kilishi

A Turai da Amurka ana busar da kifin salmon a gida don a samu abin taunawa mai gina jiki. Mu da muke aikin yaƙi da tamowa a Icirnawa da kewayen Matamaye muna ganin tarwada da karfasa na tafkunanmu sun isa wannan aiki, musamman bayan damina, lokacin da ruwa ya ja baya, kifi ya yi araha, iskar hunturu kuma ta bushe. Kusan kashi 3 cikin 4 na ɗanyen kifi ruwa ne. Idan ya tsane, sinadarin gina jiki da ke cikin kowane awo yakan ninka kusan sau 3, ƙwayoyin cuta kuma su rasa danshin da suke rayuwa da shi. Hanyar ita ce ta masu kilishi: a feɗe kifi tun yana sabo, a cire hanji, a wanke da ruwa mai tsabta, a yanka siriri, a shafa citta da tafarnuwa da gishiri kaɗan, a shanya kan raga nesa da ƙasa, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Daga nan a gasa kan garwashi har ya riƙa karyewa, domin rana kaɗai ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta. Tarwada tana da maiƙo, don haka tana saurin canza wari. A fara cinye ta.

Wasu za su ce ga bandar Tafkin Cadi a kasuwa, me ya kawo wahala? Amsar ita ce, akwai ƴan kasuwa da ke fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, mai saye kuwa ba ya iya ganewa da ido. Wanda uwa ta busar da hannunta, ta san abin da ta sa. Masu tsoron hawan jini suna da gaskiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, shi ya sa bushewa da gashi ne za su adana kifin, gishiri ɗan taɓawa kawai. Batun ƙaya kuwa, a daka a tankaɗe, a zuba cokali ɗaya na garin cikin kunun yaron da ya cika wata 6.

Iyaye, kuɗin biskit da alawa na mako ɗaya, a gwada sayen kifi da su tun hunturu bai wuce ba.