DARASI: INSHORAR SHAGO DA ƘANANAN SANA'O'I A ƘASAR HAƊEJA

Ƙasar Haɗeja ƙasar ruwa ce. Kogin Haɗeja ne yake ba da shinkafa da alkama da tattasai da kifi. Da albarkar kogin nan masu injin casa da masu bandar kifi da masu sito da masu shago suke samun abinci. Amma kogin yakan yi ambaliya. A 2018 da 2020 da 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Malam Madori, Kirikasamma da Guri. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, don haka ruwan yakan bi inda ba a zata ba.

Ruwa ba ya tsayawa a gona. Yakan shiga shago da sito. Gobara ma haka take. Ko manyan kasuwanni ba su tsira ba. A watan Maris na 2016 gobara ta ƙone dubban shaguna da rumfuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu yawa. Tallafin da akan raba bayan masifa yana rage raɗaɗi, amma ba ya mayar da jari. Darasin wannan wata ya duba wata hanya ta kare jari, wato inshora.

1. MECE CE INSHORA?

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mai dukiya da kamfani. Mai dukiya yana biyan ɗan kuɗi kowace shekara. Idan asarar da aka rubuta a takarda ta auku, kamfani zai biya shi.

Ga misali don a fahimta. A ce masu shago 100 kowa ya zuba naira 10,000 a asusu ɗaya. An tara naira 1,000,000 ke nan. Idan shago ɗaya ko biyu sun ƙone a shekarar, daga asusun za a tayar da su. Sauran ba su karɓi komai ba, amma sun kwana da kwanciyar hankali. Kamfanin inshora shi ne mai riƙe da irin wannan asusu.

Hukumar da take sa ido a kan kamfanonin inshora a Nijeriya ita ce NAICOM. An kafa ta a 1997. A 2025 an yi sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003.

2. HAƊARI IRI BIYU

Haɗari iri biyu ne yake bin mai sana'a.

Na farko shi ne asarar dukiyarsa. Ginin shago, injin, janareto, firji, buhunan shinkafa da sauran haja. Gobara ko ruwa ko iska ko ɓarayi suna iya raba shi da su.

Na biyu shi ne ɓarnar da sana'arsa za ta yi wa wani. Wannan shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Bel ɗin injin niƙa yana iya kama hannun yarinyar da aka aiko. Buhu yana iya zamowa daga sito ya karya wa mai saye ƙafa. Wuta tana iya tashi daga janareton mutum ta cinye shagon maƙwabcinsa. Idan aka tabbatar sakacin mai sana'a ne, kuɗin magani da diyya suna wuyansa. Wani lokaci diyyar takan fi jarin gaba ɗaya.

3. TAKARDA ƊAYA, KARIYA BIYU

Mutum yana iya sayen kowace kariya daban. Amma wasu kamfanoni suna haɗa su a takarda ɗaya domin ƙananan 'yan kasuwa. Ɓangare ɗaya na takardar yana kare dukiyar mai sana'a. Ɗaya ɓangaren yana biyan diyyar da ta hau kansa, har zuwa adadin da aka rubuta.

Amfanin haɗin a fili yake. Biya ɗaya ne, ranar sabuntawa ɗaya ce, kuma galibi ya fi sauƙin kuɗi. Idan gobara ta ci shagon mutum ta tsallaka na maƙwabci, wuri ɗaya zai nufa.

Sai dai takardar shago ba ta rufe komai. Amfanin gona da yake tsaye da dabbobi suna da tasu inshorar. Gwamnatin tarayya tana da kamfanin NAIC domin manoma, kuma an fara shirin tun 1987. Mota da babur da a-daidaita-sahu su ma suna da tasu, wadda doka ta tilasta. Raunin da yaron shago ya ji a bakin aiki ma yawanci ba ya cikinta.

4. ABUBUWA BIYAR DA ZA A DUBA

Kamfani ba ya biyan abin da aka faɗa da baki. Abin da yake rubuce shi ne magana. Don haka mai sana'a ya karanta takardar da kansa, ko ya nemi amintacce ya karanta masa, kafin ya sa hannu.

(a) Ambaliya. Inshorar gobara kaɗai ba ta biyan ɓarnar ruwa. Sai an ƙara ambaliya da iska a rubuce. Ga mutumin Haɗeja wannan shi ne layi mafi muhimmanci. Kamfani yana iya ƙara kuɗi ga shagon da yake kusa da fadama, yana kuma iya ƙi. Gara a sani tun rani, kafin ruwa ya iso ƙofa.

(b) Gaskiyar ƙima. Wanda ya rage ƙimar kayansa don ya biya kaɗan ya cuci kansa. A ce hajarsa ta naira 2,000,000 ce, ya rubuta 1,000,000. Wuta ta ci kayan naira 600,000. Tun da rabi ya yi wa inshora, rabi za a ba shi, wato 300,000. Farashi yana tashi, don haka a gyara ƙimar kowace shekara.

(c) Faɗin gaskiya. Idan ruwa ya taɓa shiga shagon, a faɗa. Idan ana ajiye fetur a ciki, a faɗa. Ɓoye irin wannan yana sa kamfani ya ƙi biya.

(d) Sata. Yawanci ana biya ne idan ɓarayi sun fasa ƙofa ko bango. Abin da yaron shago ya ɗauke ba ya cikin wannan.

(e) Biya da rasit. Ƙa'ida ita ce, in ba a biya ba, babu kariya. Takardar ta shekara ɗaya ce. Ranar da ta ƙare, kariya ta ƙare. A tabbatar kamfanin yana da lasin na NAICOM, domin akwai takardun jabu. A karɓi rasit mai sunan kamfani.

Akwai kuma wani ɗan kaso na kowace asara da mai dukiya zai ɗauka da kansa. A tambayi nawa ne. Matambayi ba ya ɓata.

5. TAKAFUL

'Yan kasuwa da yawa sun guji inshora saboda shakkar riba. Domin irinsu aka fito da takaful. An fara shi a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful.

A takaful, kuɗin da kowa ya zuba gudummawa ce ga asusun taimakon juna. Ba a juya shi a harkar riba. Akwai kwamitin malamai da yake duba aikin. Idan rara ta saura a asusun, akan raba wa mahalarta bisa ƙa'idar da aka rubuta. Abubuwa biyar ɗin nan na sama sun shafi takaful ma.

6. IDAN ASARA TA AUKU

A sanar da kamfani nan da nan. A ɗauki hoton ɓarnar da waya. Kada a zubar da kayan da suka lalace sai jami'in kamfani ya gani. Idan sata ce a kai rahoto ga 'yan sanda, idan gobara ce a nemi takardar 'yan kwana-kwana. Idan wani ya ji rauni, a kai shi asibiti, amma kada a yi alƙawarin diyya kafin kamfani ya sani. Wanda aka hana haƙƙinsa yana iya kai kuka ga NAICOM.

Babbar shaida ita ce littafin ciniki da rasitan saro kaya. A ajiye su a gida cikin leda, a wuri mai tudu. Littafin da ya ƙone tare da shago ba zai yi shaida ba.

Inshora ba ta hana ruwa zuwa. Mai hankali zai ɗaga dandamalin sitonsa, ya jera buhu a kan katako, ya raba janareto da haja. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne haɗura biyu ne suke bin mai ƙaramar sana'a?
2. Me ya sa mai shago a Auyo zai nemi kalmar ambaliya a takardarsa?
3. Hajar naira 400,000 an rubuta ta 200,000. Ruwa ya lalata ta 100,000. Nawa za a biya?
4. Mene ne bambancin takaful da sauran inshora?
5. Kowane ɗalibi ya rubuta kayan sana'arsa guda biyar da kuɗin kowanne, ya kawo aji.